Jar Mota Mai Kujera Biyu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, Baba kuma yana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ya yi mini magana ba. In yana son a ɗebo ruwa, sai ya dubi ƙanwata ya ce, "Gaya wa wancan randa ta bushe." Ina tsaye a gabansa fa. In ba kowa a tsakar gida, bango yake gaya wa. Ƙannena kuwa har gemunsa suke ja. Mutane suna cewa ai haka aka gada, ni dai abin yana cin raina. Na kai shekara talatin, da mata da 'ya'ya biyu, ban daina son mahaifina ya yi mini magana baki da baki ba.

A shekarun da arzikin man fetur ya ɓarke, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, Fagge ta cika da sababbin babura da rediyo mai kaset. Abokan aikina a masaƙa kowa ya sayi sabon abu fil. Ni kuwa na shiga wani kango a bayan kasuwar Sabon Gari na sayo gawa. 'Yar motar tsere ce irin wadda Turawa suke shan iska da ita, mai dogon hanci, ba rufi, kujera biyu rak. Wani Bature ya tafi ya bar ta tun kafin a ba mu mulkin kai, kaji suka gaje ta. Da igiya aka jawo mini ita har ƙofar gidanmu a Kwaciri. Matata ta leƙo ta zagaye ta sau ɗaya, ta ce, "To, yaran a kai za mu ɗora su?"

Ban gaya wa kowa ba, amma tarko na kafa. Baba tsohon bakanike ne, ya yi shekaru a garejin wani kamfani, ido ya yi rauni ya ajiye aiki. Tun daga nan yake wuni a zaure a kan tabarma. Na san ba zai iya ganin inji a kwance ya kau da kai ba.

Kwana uku ya daure. A na huɗu na ɗaga bonet, na ɗauki sifanar da ta fi notin girma da gangan, na shiga murɗa. Sai na ji tari daga zaure. A ranar amininsa yana wurin, wani Alhaji Bayarabe haifaffen Fagge, mai bugun jikin mota, wanda ba ya fashin zuwa hira bayan la'asar.

"Alhaji," in ji Baba, "gaya wa wancan zai cinye kan notin nan."

Haka aka fara, Alhaji ya zama tafinta tsakanin uba da ɗa da ke tsugune a gaban inji guda. Kuma tafintan ba ya da amana. In Baba ya ce a miƙo masa filaya, sai Alhaji ya juyo ya ce mini, "Wai ka miƙo filaya, kuma wai kanka kamar na jaki." Baba ya ce bai faɗa ba. Alhaji ya ce ai a fuskarsa ya karanta.

Baba ya wargaza injin nan kaf a kan tabarmarsa. Kowane noti da gwangwanin tumatir ɗinsa, kowane ƙarfe sai an wanke shi da kananzir ya shafa da yatsa, don yatsan ya fi idon gani. Ni ne ɗan aike zuwa wurin masu kayan gyara a Sabon Gari, inda suke dariya da zarar sun hango ni da tsohon fistin a hannu. Abin da ba a samu ba, Baba ya ƙera. Kafireta biyu ne a motar, sai ya sa guntun tiyo a kunne yana sauraren numfashin kowace, har suka daidaita.

Jikin kuwa aikin Alhaji ne. Tsatsa ta ci ƙasan har kana hango titi ta tsakanin ƙafafunka. Ya yanke, ya yi walda, ya bi da guduma wata biyu, maƙwabta suna Allah ya isa. Sannan ya fesa mata jan fenti. Kujeru muka kai wa wani baduku Babarbare ya lulluɓe da jar fatar akuya. Na roƙe shi kada ya yi ado, ya ce to, amma sai da ya zana tauraro a jikin kowace ƙofa.

Ana gab da gamawa Alhaji ya tsaya yana kallon bayan motar. Ya ce, "Wannan ai ba mota ba ce. Ina wurin ɗan rakiya? Bari in yanka nan in sa benci, ko mutum ɗaya ya samu."

Na ce, "A'a, Alhaji!" da ƙarfin da ni kaina sai da na ji kunya.

Ya dube ni, ya dubi kujeru biyun nan, ya dubi zaure. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ja'iri. Ashe ba jaki ba ne."

Ƙa'idar Baba ce tun yana aiki, wanda ya ɗaure inji shi zai saurare shi a kan titi. Ido ya hana shi tuƙi. Ranar Lahadi da hantsi motar ta tashi bugu ɗaya, unguwa ta taru, Baba ya ce Alhaji ya ja su je. Alhaji ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya riƙe tun asuba, ko sunkuyawa ba ya iyawa. Mutumin da ya zo a kan keke!

Baba ya daɗe a tsaye. Sannan ya tattare rigarsa ya shiga, kafaɗarsa tana gugar tawa.

Muka ɗauki hanyar filin jirgi. Na sa giya ta biyu na ƙi canzawa. Injin ya fara kuka. Baba ya dubi gilashi ya ce, "A gaya wa direba..." sai ya waiga, babu wanda zai gaya wa. Na ƙara taka totur. Injin da ya yi wata biyar yana lallaɓawa ya koma ihu, iska ta kusa cire masa hula.

Sai na ji hannunsa a kan nawa, a kan giya.

"Kai! So kake ka kashe ta? Taka kuloci. Yauwa. Sa ta uku. Saurara, ka ji yadda ta sauke murya? Haka ake yi."

Na ce, "Na ji, Baba." Hawaye ya cika mini ido har na kusa hawa kan wani mai tura kurar rake, aka ƙara mini da faɗa. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Da muka dawo ya fita ya kakkaɓe riga, ya ce, "Alhaji, gaya wa wancan injin bai zauna ba. Sai an sake fita."

Lafiyar injin ƙalau, mu ukun mun sani. Amma bai zauna ba sai da muka yi shekara huɗu muna fita duk Lahadi. A gida ina nan a wancan, a mota kuwa Baba ba ya rufe baki. A fitarmu ta ƙarshe, kafin ciwo ya kwantar da shi, muna tafe a hankali ya ce, "Ranar da aka haife ka, gareji na gudu don kada a ga fuskata. Wuni na yi da sifana a hannu, ko noti ɗaya ban iya ɗaurewa ba."