Baba Gwadabe Mai Fito da Yaron da Aka Ce Ɗan Ruwa Ne

Kafin mata su sauke tukunyar koko, Baba Gwadabe yana bakin kogi da manyan gorunansa, yana haye da masu zuwa cin kasuwar Gwaram. Tun Turawa na nan yake wannan aikin. Bana an gama gada, an yanka sa, an sha jawabai, ba wanda ya ko ambaci sunansa. To ni zan ambata, ko da yake ban iya magana gaban mutane ba.

Akwai Hadi, ɗan maƙwabciyarmu Inna Batulu. Ba ya magana, ba ya amsa kira, ba ya son a taɓa shi, in an yi hayaniya sai ya toshe kunne. Amma ya hango ruwa yana ƙyalli, shi ke nan, sai ya miƙe ba waiwaye. Nan fa gari ya yanke masa hukunci: ɗan ruwa ne, aljanu suka yi musaya. Manya masu furfura suka zaunar da Batulu, wai a kai shi bakin kogi a ajiye, a juya baya, ya koma wurin nasa. Da ta ƙi, aka ce to a ɗaure shi. Ɗan mutum, a turke kamar akuya.

Baba ne ya yi sallama ya sa aka kwance igiyar. Ya ce, "Batulu, ba ni shi. A kogin nan na yi furfura, ban taɓa ganin ya ba da ɗa ba. Karɓa kawai ya iya."

Bai hana shi ruwa ba, don ya ga hani ba ya aiki. Kullum da hantsi, wuri ɗaya, inda ruwa bai wuce gwiwa ba, sai ya tura masa ƙaramin gora ba tare da ya taɓa shi ba. In ya nufi ruwa hannu sake, Baba ya sha gabansa ya tsaya, ba faɗa ba duka. Ana ta yi masa dariya, wai Gwadabe ya zama dogarin aljanu. Har yaron ya gane: ba gora, ba ruwa.

Rannan da damina ana suna a unguwa, kiɗa ya cika gari, aka nemi Hadi aka rasa. Kowa ya yi tasha da kasuwa. Baba shi kaɗai ya yi kogi, ga kogin ya kawo har ya tumbatsa. Can gangare ya same shi maƙale a ciyawa, ya rungume goransa, yana rawar ɗari. Kun san abin da dattawan nan suka ce? Wai ai ga shi, ruwa bai ci shi ba don nasa ne.

Kai ne, Baba, ka ga yaro inda muka ga aljani. Dattijon kogi, mun gode, Allah ya saka.

Yanzu gwiwar Baba ta gaza, ɗansa zai ɗauke shi ya koma Wurno. Ga masu yin hanya sun haƙa ƙasa sun bar mana rami bayan gari, ya cika taf da ruwa, ba shinge. Don Allah ku rufe rijiyoyi. In irin wannan yaron ya ɓace, ku fara duba ruwa. Jiya na ga Baba yana jan ƙaya zuwa bakin ramin nan, yana ɗingishi, maza na gindin tsamiya suna kallo. Ku tashi ku karɓe shi mana.