Hannun Hajo da Daddawar Kaka

A gidanmu na Danchadi, daren tatsuniya shi ne daren da ake dafa kalwa. 'Ya'yan ɗorawa ba sa laushi da wuri, dole a yi ta tura itace tun la'asar har bayan isha'i, don haka Kaka, uwar babanmu, takan tara mu a bakin murhu don kada mu yi barci mu bar mata wuta. Takan buga muciya a bakin tukunya ta ce, "Ku buɗe kunne, ta iso." Mu kuwa sai mu matso.

Daddawar Kaka ta yi suna har Bodinga. Dafawa da surfe da wanki, kowa a gidan yana sa hannu. Amma rufewa, lokacin da ake zuba kalwa a kwando a lulluɓe ta har ta yi, wannan Kaka ke yi ita kaɗai a ɗakinta. Abin da take zubawa a ciki daga uwarta ta samo, kuma ta ce jika ɗaya za ta ba.

Yayata Hajo ce ke so. Ni wasa ne a gabana. Hajo ta fi kowa sanin lokacin da kalwa ta nuna, da wari kawai take ganewa. Sai dai bahaguwa ce, Kaka kuwa ta ce hannun da ake tsarki da shi ba zai taɓa abincin gidanta ba.

Damina guda Hajo ta yi tana ɗaure hannunta na hagu a baya da tsumma. Ba wanda ya sa ta. Ta ƙone, ta fasa ƙwarya, har ta iya tuƙin tuwo da dama. Da damina ta wuce aka shiga kaka, wani dare muna bakin wuta, ta durƙusa ta ce, "Kaka, na gyaru. Ki duba."

Kaka ta dube ta, ta ce, "To, madalla, ɗiyata." Sai ta ciro ludayi daga tukunya ta wurga mata ba zato. Hajo ta cafe shi kafin ya kai ƙasa. Da hagu.

"Kun gani?" in ji Kaka. "Aje shi can, a wanke. Zamna, tatsuniyar yau taki ta."

Tatsuniyar da ta yi mana ta wata yarinya ce wadda duk abin da ta rufe sai ya yi tsutsa. Uwarta ta ce ta je gulbi ta wanke hannun. Yarinyar ta je ta dirje shi da yashi har fata ta fita, ta koma gida ta rufe tuwo, da safe aka tarar da tsutsa. Ta koma gulbi ta dirje har nama ya zube, sai ƙashi. Ta dawo ta rufe fura, fura ta yi tsutsa. A karo na ƙarshe ta cire hannun gaba ɗaya ta jefa a ruwa, ta taho gida tana murna.

"Sai uwar tac ce, mi kika yi? Tac ce, Inna, na yas da shi. Kahin ta ruhe baki sai ga masunta da kuka: kihin gulbi duk sun mace." Kaka ta tura itace. "Abin ba ga hannu ya tsaya ba, ya shiga jini. Ku yi dariya mana, ko ba ta yi daɗi ba?"

Muka yi dariya. Hajo ma ta yi, tana kallon wuta. Ita ce ta tashi ta wanke ludayin.

Washegari Kaka ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Abin bai ɗauki lokaci ba: tokar karan gero da aka tankaɗe, ganyen da ake shimfiɗawa a kwando, da yadda ake jin ɗumin da bayan hannu. Ina jin Hajo a tsakar gida tana surfe.

Aka yi wa Hajo aure a Lambara, ni aka kawo ni Bodinga. Kaka ta rasu. Duk shekara Hajo takan zo ta taya ni, ta dafa, ta surfa, ta wanke. Idan lokacin rufewa ya yi sai ta ɗauki buta ta fita. Sau da yawa na ce, "Yaya, shigo ki gani, ba wani abu ba ne." Sai ta ce, "Bari dai, Rabi. Kar in ɓata miki aiki." Tana murmushi take faɗa, kuma da gaske take.

Bara Hajo ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bayan arba'in ɗiyarta Safiya ta zo wurina ta ce tana son koyon daddawa. Na nuna mata duka a rana ɗaya. Da na ga yadda take riƙe muciya na ce, "Wannan ba riƙon Yaya ba ne."

Ta ce, "Ai Inna, ba ita ta koya mani girki ba. Maƙwabta take tura ni. In ina dafuwa ba ta ko buɗe mani tukunya. Ko ina ƙarama, ba ta taɓa ba ni abinci a baki ba, sai ta kira wani ya ba ni."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin zafin bakin tsohuwa, abin da ke wucewa da wayewar gari. Ina ganin ni aka ba gado, Hajo aka hana. Yanzu na san mu biyu aka ba. Nawa na koya wa Safiya kafin azahar. Na Hajo ta riƙe shi ita kaɗai har kabari, tana tsare ɗiyarta daga hannun uwarta.

Safiya ta tambaye ni ko uwarta ba ta son ta ne. Na ce ta zauna, zan gaya mata. Na fara mata daga daren da Kaka ta wurga ludayi.