Bawul Mai Atishawa

Motar ta mutu a hannuna a kan hanyar Miga, da la'asar, muka bar kwalta muka daki gindin marke. Ƙafata ta dama ta karye wuri biyu. Alhaji, maigidana, ya fito da tsaga a goshi. Ina kwance a gefen gona ana jiran motar da za ta ɗauke ni, ba ƙafar nake tunani ba. Makullin nake tunani, ko zai sake dawowa hannuna.

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Alhaji. Falken shanu ne, mutumin Miga, iyayensa makiyaya, shi kuma ya shigo gari. Da a-kori-kurarsa na fara, tun kafin a ba mu jiha. Da Dutse ta zama babban birni ya gina gida a Takur, ya ba ni ɗaki a soro na biyu. Zamani ne mai daɗi. Ana ta gine-gine, ma'aikata na dawowa daga Kano da katifu a kan mota, amma har lokacin in ka fita bayan gari sai gero da dawa da duwatsu. Ranar kasuwar Taura mu fita bayan asuba, ya shiga kara wajen shanu, ni in zauna da direbobi a inuwa mu sha fura da nono mai sanyi, mu yi ƙaryar gudun da muka yi.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani na mota, kunne ya koya mini.

A lokacin motoci ba su da yawa, kowane direba da muryarsa. Wani ham ɗinsa kamar kukan jaki, wani kamar algaita. Nawa murya uku gare shi, sama, ƙasa, sama. In na danna shi daga bakin garin Miga, kafin mu isa ƙofar gida an shimfiɗa tabarma. Mutane ba sa cewa ga Alhaji nan. Ni suke ambata. Direba ba shi da gona, ba shi da garke, wannan ne abinsa.

Da aka ƙaddamar da shari'a gari ya yi sanyi. Kasetin kiɗa ya koma ƙarƙashin kujera, na wa'azi ya hau. Ba wanda ya zo ya hana ni komai. Alhaji ne wata safiya ya ce, "Malam direba, a cire wannan kiɗan, a sa ham irin na mutane." Na cire. Ban ga laifinsa ba. Amma sai muka riƙa shiga Miga shiru, kamar baƙi.

A shekarun ne ya sayi motar. Tsohuwar Turai ce, koriya mai duhu, mai turbo. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma tana cusa wa injin iska. In ka taka totur sai ka ji kujera ta tokare maka baya. Ban taɓa tuƙa irinta ba, kuma ban sake ba. Da ruwan rijiya nake wanke ta, in goge da tsohon rawanin Alhaji.

Wata rana na je Kano sayen fatar birki, sai wata mota ta wuce ni a kasuwar kayan gyara. Da mai ita ya canza giya, sai ta yi wani irin huci, kamar atishawar ingarma. Kowa ya waiwaya. Na bi layi ina tambaya har na sami mai sayar da abin.

"Bawul ne, yallaɓai," in ji shi. "In ka ɗaga ƙafa daga totur, iskar da turbo ya tara ba ta da wurin zuwa. Na kamfani yana mai da ita ciki shiru. Wannan kuwa waje yake watsar da ita."

"Ba ya cutar da inji?"

"Masu tseren mota ma shi suke sawa."

Na saya. Ga murya, kuma ba kiɗa ba ce.

Na kai wa wani tsohon bakanike da ke gareji bayan tasha, wanda duk muke kira Baba. Ya juya ƙarfen a hannunsa, ya buɗe bonet, ya nuna mini wani ɗan akwati mai waya a bayan matatar iska.

"Ka san aikin wannan?"

"A'a, Baba."

"Mudu ne. Duk iskar da ta shiga sai ya auna ta, sannan inji ya zuba mata mai daidai ita. Ka taɓa ganin matarka ta auna ruwan tuwo, ta auna gari, sannan wani ya zo ya kwashe rabin ruwan?"

"Baba, atishawa kawai za ta yi."

"Ni ma ina atishawa, ka ga na yi kama da mai lafiya? Wata motar tana ɗauka. Wannan ba za ta ɗauka ba. Kai shi wani wuri, ba da hannuna ba."

Na yi masa kallon tsoho mai tsoro. Ina da hujjata. Mu a nan, duk motar da ta zo daga Turai sai mun rage mata kaya. Mukan cire ƙarfen nan da ke tare ruwa a inji, mu ce don ƙasar sanyi aka yi shi. Mukan haɗa fanka kai tsaye. Shi kansa Baba ya cire irin waɗannan ba adadi, motoci kuma suna ta tafiya. Sai na ɗauka duk abin da Bature ya sa, ra'ayinsa ne kawai.

Alhaji ya yi rakiyar shanu Kudu. Na ja motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na kwance na kamfani, na ɗaura nawa, na toshe tiyon da ya rage da guntun icce.

Sati uku na ji daɗin duniya. Ba zan ɓoye ba. In na fito daga Takur na canza giya, masu shayi su ɗaga kai. A tasha direbobi suka sa mini suna mai mura. A Miga aka koma shimfiɗa tabarma kafin mu tsaya. Ranar da Alhaji ya fara ji, ya leƙo daga kujerar baya.

"Malam direba, motar tamu sanyi ya kama ta?"

"Numfashi take, ranka ya daɗe. Haka masu turbo suke."

"To Allah ya ba ta lafiya."

Ya yi dariya ya koma kan carbinsa. Bai san mota ba, ni ya sani.

Kunnena ya gaya mini gaskiya tun satin farko. Salansa ta fara baƙin hayaƙi. In na ɗaga ƙafa na taka kuloci, injin sai ya yi ƙasa kamar zai suma, sannan ya farfaɗo. Sau biyu ta mutu mini a shataletale, ni kaɗai. Na ƙara mata silo don kada inji ya riƙa yin ƙasa, na wanke fulogi, na koyi ajiye gefen ƙafa a kan totur. Ban koma wajen Baba ba, don na san abin da zai ce.

Ranar da abin ya faru damina ce, an ɗauke ruwa, kwalta na sheƙi. Muna dawowa daga Miga ina gudu. Bayan wata kwana sai ga garke yana tsallaka hanya. Na ɗaga ƙafa, na taka kuloci. Ta yi atishawarta ta mutu. Sitiyari ya yi tauri kamar an kafe shi. Sai ƙafata ta yi abin da ta saba a a-kori-kura, ta shiga famfon birki, taka saki, taka saki. Wannan motar kuwa in inji ya mutu, taku ɗaya ko biyu ne ƙarfin birkinta. Na ƙarar da su a banza. Na rungumi sitiyari da hannu biyu na karkata ta daga shanun. Marken ne ya tsayar da mu.

Wajen mai ɗori a Dutse aka kai ni. Masu dubiya kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce laifin makiyayi ne, wasu santsi. Aka yi ta yaba mini cewa ko saniya ɗaya ban taɓa ba. Baba ya zo, ya ajiye mini lemo, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, bai ƙara komai ba. Na gane ba zai tona ni ba. In na yi shiru, makulli nawa ne.

Rana ta huɗu Alhaji ya zo da filasta a goshi, ya zauna a bakin tabarma.

"An ce santsi ne."

"Ba santsi ba ne, ranka ya daɗe."

Na gaya masa duka, har guntun iccen. Ya daɗe yana kallon karan da aka ɗaure mini ƙafa da shi.

"Da na tambaye ka, ka ce numfashi take."

"Na faɗa."

"Ƙarfen ba ya ba ni haushi. Da iyalina ne a ciki fa?"

Ya tashi, ya ce wa mai ɗori a kula da ni. Har na warke abinci daga gidansa yake zuwa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa abin da na gaya masa ba. Da aka gyara motar, wani direban ya ba wa makullin. Muka ci gaba da gaisawa a masallaci har Allah ya karɓi ransa.

Ƙafar ta haɗe a gajarce, ba ta iya riƙe birki. Yanzu ina Takur, bakin titi, ina facin taya da sayar da baƙin mai a ƙarƙashin rumfar kwano. Ina buɗewa bayan hantsi, in rufe kafin magariba.