Sharar da Na Yi a Dajin Sabuwa

Mun bar Pauwa ana sallame sallar asuba, ni da ƙanwar maigida, da ƙunshin daddawa da kuka da ɗan man shanu a kwalba. 'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci sun ce in rubuta abin da na gani a karanta musu, to ga shi, ku yi haƙuri da hannuna.

Dalilin tafiyar wasiƙa ce daga ɗana na fari, wanda ke aiki da mutanen gandun daji a wajen Sabuwa. Ni na karanta ta da kaina. Ya ce akwai wani fili a daji da shekara uku ke nan yana auna itatuwansa, kuma wani babba zai zo daga Zariya ya duba aikin. In ya yi kyau, za a sa sunan wurin a wani littafi da ake tara irin waɗannan filaye na duniya baki ɗaya, a ci gaba da awo har bayan ransa. In bai yi ba, a rufe, shi kuma a mai da shi ofis. Yana so in zo in gani.

A Kankara muka shiga a-kori-kura. Kuɗi sun shigo ƙasar nan, Allah ya sa albarka. Samari kowa da rediyo a kafaɗa, sabbin babura suna wuce mu, ga buhunan siminti jibge a bakin hanya. Amma gonaki da yawa karan dawa na tsaye ba a kwashe ba, wai masu su sun tafi birni aikin gini. A Yankara ranar kasuwa ce. Ƙosan da na sani na kwabo ɗaya yanzu sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Ƙanwar maigida ta tambayi mai suyar ko wake ma ya samu ƙarin albashi ne. Muka sha fura mai kyau wurin wata Bafillata, muka wuce.

Daga Faskari kwalta ta ƙare. Motar ta riƙa jefa mu sama tana cafewa, ni dai ina riƙe da kwalbar man shanu. Amma ƙasar ta yi mini kyau. Itatuwa suka ƙara tsawo da yawa, doka da kaɗanya da ɗorawa, irin dajin da na sani ina yarinya, kafin farin da ya cinye mana shanu.

Mun isa da la'asar. Kun san tsakanin uwa da ɗan fari. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon matarsa, na tambaye ta ko suna cin abinci. Shi ke nan hirarmu.

Kafin magariba ya kai mu filin, yana bayan gidansu kaɗan, an kewaye shi da waya. Kowane itace da lambarsa a jikin ɗan guntun kwanon rufi, kamar yaran makaranta. Yana zagaya musu igiyar awo daidai ƙirji, ya rubuta kaurinsu. Akwai gwangwanin auna ruwan sama. Ga kuma wasu ƙananan wurare a ƙasa an kafa turaku an ja zare. Ƙanwar maigida yake yi wa bayani, amma na san ni yake gaya wa. Ya ce a nan ba a sara, ba a kiwo, ba a tsinkar ko ganyen miya. Ya ce wanda ke wata ƙasa zai buɗe littafin nan ya ga yadda dajinmu ke girma ko yake ramewa, ya gwada da nasu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ganye. Ko'ina busasshen ganye ya zube, har cikin wuraren zaren. Baƙo zai zo gobe daga Zariya, ga wuri kamar kufai. Na ce a raina yaron nan aiki ya yi masa yawa, matarsa kuma ga goyo.

Da safe yana masallaci na ɗauki tsintsiya. Na share wuraren zaren tas, ɗaya bayan ɗaya, na tara ganyen wuri guda a gindin wata kirya. Ban sari komai ba, ban tsinki komai ba. Ina cikin jin daɗi Baba mai gadi ya iso, dattijo mai farin gemu, ya tsaya ya riƙe baki.

"Inna, mi kika yi haka?"

"Shara, Baba."

"Innalillahi. Ai ganyen nan shi ne aikin. Duk wata ana kwashe na kowane wuri daban a ɗora a sikeli. Wa ya taɓa share daji, baiwar Allah?"

Ɗana ya zo ya duba tarin, ya duba ƙasa. Bai ce mini komai ba sai, "Sannu da aiki, Inna." Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Baba mai gadi ya ce a mai da ganyen a barbaza, wa zai sani? Ɗana ya girgiza kai. Sai ya ce a'a, ganyen ya riga ya gauraye, duk abin da ya rubuta ƙarya ce, kuma wani zai karanta bayan shekara talatin ya ɗauka gaskiya ce. Zai bar layin watan babu rubutu a littafin aikinsa, ya ce laifinsa ne.

Babban ya iso da hantsi a Landiroba, mutum mai tabarau da sanyin magana. Ya zagaya, ya buɗe littafin aikin shafi-shafi, har ya zo layin da babu komai. Ni ban saba tsayawa gaban manya ba, amma na ja gyalena na matsa.

"Malam, ni ce uwarsa. Ni na share. Ba shi ba ne."

Ya dube ni, ya dubi tsintsiyar da na manta a jingine. Ya yi ƙoƙarin riƙe dariya bai iya ba. Ya tambaya ko na iya rubutu. Na ce kaɗan. Ya miƙo mini biro ya ce a wannan aikin duk abin da ya faru ana rubutawa, ko wuta ce ko fara. Na karɓa na rubuta: "Uwar ma'aikaci ta share ganyen wannan wata bisa rashin sani." Ya sa hannu a ƙasa. Ya ce wa ɗana ya ga littattafai da yawa a cike babu giɓi ko ɗaya, kuma su ne ba ya yarda da su. Zai aika da sunan Sabuwa.

Kwana biyu muka ƙara. Ranar tafiya ɗana ya raka mu tasha, ya ɗora mini kaya, ya tsaya jikin motar. Na ce wa matarsa ta gaya masa Allah ya yi masa albarka. Yana nan tsaye, ya ji da kunnensa, ya ce amin.

Mun iso Pauwa bayan la'asar, ƙanwar maigida tun daga zaure take shelar cewa na share dajin gwamnati. Na bar ta, gaskiya ta faɗa. Abin da na koyo shi ne akwai wurin da kulawarsa ita ce ka naɗe hannunka ka zuba ido shekara da shekaru. Da wuya ga uwa. Amma na ga abin da yaron nan ya zama a shekarun da hannuna ba ya kansa, kuma na gode Allah.