Ranar da Inna Kulu ta karɓe ajin Turanci

Cikin duk yawon duba azuzuwa da na yi kafin in ajiye aiki, ranar da na je Dauran ce ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu ba ku san yadda abin yake a lokacin ba, don haka bari in ɗauko muku daga farko.

Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara ce. Ina aikin duba malamai a ofishin ilimin manya da ke Ƙaura Namoda, kuma azuzuwan mata na Shinkafi da Zurmi duk a hannuna suke. Mazaje da yawa sun yarda matansu su yi karatu, amma da sharaɗin mace ce za ta koyar. Samun mace mai takardar malanta a ƙauye kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. In mun samu, sai mu ɗauke ta gwaji, bayan 'yan watanni in je in zauna a ajinta. Abin da na rubuta shi ne ƙarshen magana, ko a tabbatar da ita ko a sallame ta. A Dauran malama ɗaya ce tal, wata yarinya mai sanyin murya, Malama Rabi. In na sallame ta ajin ya mutu ke nan, domin babu wadda za a kawo.

Ni kuma an san ni, ba sani ba sabo. Malamai kan ji ina tafe su kasa cin abinci, kuma gaskiya abin yana ɗan yi mini daɗi.

Na iso bayan azahar. A tsakar gidan mai gari ake ajin, an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, mata sun cika, wasu da goyo. Darasin ranar shi ne yadda ake haɗa jimlar Turanci ta yau da kullum. Rabi ta raba allo gida huɗu: gidan mai yin aiki, wato ni, ke, ita, mu, gidan aikin kansa, gidan ƙananan kalmomin nan masu nuna wuri, irin su zuwa, daga, ƙarƙashi, baya, sai gidan abin da aka nufa. Ka ɗauki ɗaya daga kowane gida, jimla ta tashi. Abin da ya burge ni, ba ta tsaya a allo ba. Kwano ta ɗauko. Ta dubi wata ta ce, "Give it to her," sai matar ta miƙa wa ta kusa da ita. Ta ce, "Put it under the mat," sai a tura shi ƙarƙashin tabarma. Wadda ta yi kuskure a yi mata dariya, ita ma ta yi, a sake. A raina na ce yarinyar nan ta iya.

Sai idona ya faɗa kan wata tsohuwa can baya, ta jingina da rumbu. Kwanon nan ya zagaya kowa, amma da ya zo kusa da ita sai ya tsallake. Ya sake zagayowa, ya sake tsallakewa. Ni kuwa ba abin da na tsana kamar malamin da ke bin masu kaifin kai ya bar tsofaffi zaman ɗumama tabarma. Dokar aikinmu ita ce mai dubawa ta zaɓi ɗaliba da kanta, malama ta gwada ta a gabanta. Na nuna tsohuwar.

"Malama, waccan. Ki tashe ta, ki ba ta umarni kamar sauran."

Rabi ta sunkuyar da kai, tana murza alli har ya zama gari a hannunta.

"Hajiya, don Allah a zaɓi wata."

"Ita nake so."

Matar da ke gefena ta matso ta raɗa mini, "Hajiya, Inna Kulu ta hwa, uwar mijinta."

Ni ma har uwar mijina ta rasu ban taɓa kama sunanta ba, ban taɓa yi mata magana a tsaye ba. A ce yarinya ta nuna sarakkuwarta da yatsa a gaban matan gari ta ce tashi, zo nan, zauna can? Ko da Turanci ne, kafin magariba labarin ya kai bakin rijiya. Amma na riga na furta, kuma doka ce. Shugabanmu a ofis ba ya karɓar rahoton da aka ce an tsallake gwaji saboda kunya. Na daure na ce, "Malama, in ba ki yi ba, abin da na gani shi zan rubuta."

Ta ɗago, idonta cike da hawaye. "Ba ni iyawa, Hajiya. Ko aikin za ya tahi, ba ni iya ce ma Inna tashi."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma ban ga mafita ba. Ina cikin haka sai tsohuwar ta dafa rumbu ta miƙe da kanta, ta karkaɗe zanenta.

"Ke Hajiya, mi kinka zo gani? Ko na iya ko ban iya ba?"

Na ce shi ke nan, Inna.

"To wa yac ce dole sai ita ta aike ni? Tun da anka kawo ta gidana ni ka aikenta. Ni dai jikokina nika son hana ma yi da ni cikin Turanci, shi yas sa niz zo." Ta juya ga Rabi, ta gyara murya, ta ce, "You come to me."

Rabi ta taho da sauri ta durƙusa. Mata suka kwashe da dariya, har da masu tafi.

"Give it to her," in ji tsohuwa, tana nuna ni da haɓa. Rabi ta kawo mini kwano da hannu biyu. Aka sa ta ta karɓe daga hannuna, aka sa ta ta kai bayan rumbu, aka sa ta ta zauna kusa da matar mai gari. Inna Kulu tana ɗauko kalma daga wannan gida tana haɗawa da ta wancan, kamar mai haɗa kayan miya. A wuri ɗaya ta rikice, ta sa kalmar "daga" inda ya kamata ta sa "zuwa". Na zuba ido in ga yadda Rabi za ta yi. Ba ta dubi tsohuwar ba. Kwanon da ke hannunta ta duba, ta faɗa masa jimlar daidai, ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ta yi kamar ba ta ji ba, ta ɗan yi tari, sannan ta maimaita daidai.

Nan na gane yadda suke yi. Matar da ke gefena ta ce haka ne ma a gida: Rabi kan tara yara a ƙofar ɗakin Inna tana koya musu da ƙarfi, Inna kuwa tana ciki wai tana kaɗin auduga, alhali tana saurare.

Da ta gama, Inna Kulu ta tako har gabana. Ta ɗora hannu a kan Rabi da ke durƙushe, ta dube ni ido cikin ido, ta haɗa wata jimla da ba ta kan allo, ba kuma wanda ya koya mata ita.

"She stay with us."

Wato tana nan tare da mu. Akwai ɗan kuskure a jimlar, kuma gyara kuskure ne sana'ata, amma ban gyara ba. Na ce, "Tana nan, Inna." Rabi ta rufe fuska da hijabi tana kuka, tsohuwar kuma ta ce mata, "Tashi ki kawo ma baƙuwa ruwa, kin bar ta da ƙishi."

Na tabbatar da Rabi a aiki, kuma shugabanmu bai yi gardama ba. Ku da za ku fita duba azuzuwa, ku riƙe doka, amma kafin ku nuna ɗaliba da yatsa, ku tambayi ta kusa da ku ko wace ce. Mutanenmu sun san yadda za su koyi abu ba tare da sun zubar da girman juna ba, kuma wani lokaci aikinku kawai shi ne ku yi shiru ku ba su wuri.