Ba-Zama Ya Zauna Kan Hannunsa

Mahaifiyarmu ce ta sa wa ƙanena suna Ba-Zama tun yana rarrafe. In ta ajiye shi a ƙofar ɗaki ta juya ɗauko ruwa, sai a tsinto shi a bakin titi. Na girme shi da shekara shida, ni aka ɗora wa aikin tsinto shi. Yau furfura ta cinye kanmu duka, amma aikin bai sauka daga wuyana ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa babbar mota. Ni kuwa a rumfa ɗaya nake gyaran takalma tun ina saurayi. In ya dawo daga tafiya yakan tsaya a kaina yana kaɗa makulli a yatsa, ya ce, "Yaya, kai da bencin nan tare za a binne ku." In ce masa to.

Sai idonsa na hagu ya yi yana. Wata rana ya goge wata mota da ke tsaye a gefen hanya, bai gan ta ba sam. Ba wanda ya ji ciwo, amma masu motar suka karɓi makulli, likita kuma ya ce tuƙi ya ƙare.

Gidan bai ga daɗi ba. Ya kwance ƙofar banɗaki ya mayar. Ya sauya wa gado wuri sau huɗu. Matarsa ta zo rumfata ta ce, "Yaya, zo ka ɗauke ƙanenka. Jiya tukwanena ya jera mini, wai bisa tsawo."

A rumfata ya gamu da Injiniya, wani dattijo da ya yi ritaya daga ofishin tarho, ya kawo ɗinkin takalmi. Ba-Zama ya tambaye shi me ya sa gidansa ya cika da wayoyi kamar igiyar shanya. Injiniya ya ce eriya ce, ta rediyo, amma ba irin na jin labarai ba. Wannan kai ne za ka yi magana a ciki, wani mai irinsa a wata ƙasa ya ji ka, ya amsa.

"Har ina yake kaiwa?"

"In an yi sa'a, ya tsallake teku."

"Ba shingen 'yan sanda a hanya?"

"Ko ɗaya."

Ranar har gida ya raka Injiniya, yana riƙe masa takalmi.

Ashe abin da doka. Sai ka ci jarrabawa an ba ka lasisi kafin ka buɗe baki, kafin nan sauraro kawai. Wata huɗu ƙanena yana sauraron mutane yana ba su amsa a banza, makirfo na kulle a aljihun teburin Injiniya. A karo na biyu ya ci jarrabawar. Aka ba shi lambar kira, haruffa da lamba a haɗe, wadda ba mai irinta a duniya. Ya fi alfahari da ita a kan lambar duk motar da ya taɓa ja.

Injiniya ya ba shi tsohon akwatinsa na rediyo, suka ja waya daga bishiyar mangwaro zuwa ƙarfen tankin ruwa, suka haɗa da batirin mota. Ya ba shi littafin da zai riƙa rubuta duk wanda suka yi magana. Daga nan Injiniya ya tafi jinya wurin 'yarsa.

Mako biyar Ba-Zama yana kira, ba wanda ya amsa. Ya ƙara wa wayar tsawo, ya rage. Ya sauya batir. Ya sassare rassan mangwaro har matarsa ta ɓoye adda. Littafin nan fari fat. Sai na ji ya koma zaryar tasha, wai akwai mai bas da ke neman direba, kuma ba ya tambayar lafiyar ido. Sun yi da shi zai fara tuƙi ranar Asabar.

Ranar Alhamis matarsa ta sake zuwa. Wannan karon ba wasa a bakinta.

"Yaya, mutum goma sha takwas ke shiga motar nan. Shi kuma ko ni na tsaya ta hagunsa ba ya ganina."

Da la'asar na rufe rumfa na tafi. Na same shi a ƙaramin ɗakin da ya mayar na rediyo, ƙafa na rawa ƙarƙashin tebur.

"An aiko ka ke nan."

"Kallo na zo."

"Kalli, ai kyauta ne. Akwatin banza, tsoho ya yaudare ni."

Ban san komai a kan rediyo ba, hannunsa kawai na zuba wa ido. Ya danna makirfo, ya yi kiran da Turancinsa na hanya, ya faɗi lambarsa sau uku, ya saki. Kafin in ja numfashi biyu, hannun hagu ya kai kan maɓallin neman tasha ya murɗa. Ya kira a sabon wuri, ya saki, ya murɗa. Na ƙirga sau goma sha ɗaya.

"In mutum ya ji ka, a ina zai amsa maka?" na tambaye shi.

"A inda na kira mana."

"To kana can?"

"Yaya, ba kowa a can! Ba ka ji shuuu kawai yake yi ba?"

"Sake kira."

Ya yi tsaki ya kira. Yana sakin makirfo na damƙe wuyan hannunsa. Hannun mai jan zare da basilla ne, bai iya ƙwacewa ba.

"Sake ni, don Allah, ni ba yaro ba ne."

Ban sake shi ba. Akwatin na ta shuuu. Kujera na ƙara saboda rawar ƙafarsa. Matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu. Na sa ya sake kira a wurin, na ci gaba da riƙewa. A karo na uku, can ƙasan hayaniyar, wata murya siririya ta taso, tana nitsewa tana fitowa. Ban ji abin da take cewa ba, amma na gane lambar ƙanena ce take faɗa, don na ji ta har ta ishe ni.

Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi. Ya yi ta ihu cikin makirfo har mutumin ya roƙe shi ya sassauta. Da suka gama ya juyo, gumi na zuba.

"Wani malamin makaranta ne a wani tsibiri. Ya ce sau uku yana jina cikin makonnin nan. Kafin ya kai hannu ga makirfo na gudu. Wai ya ɗauka a mota nake."

Matarsa ta yi dariya har ta jingina da ƙofa. Shi kuwa ya ɗauko littafin, ya kai shi dab da idon dama, ya cika layin farko.

Ranar Asabar da hantsi na bi ta ƙofar gidan. Na jiyo muryarsa ta taga yana faɗin lambar. Na leƙa. Ya saki makirfo, ya tura hannun hagu ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai, ƙafa na ta rawa. Mai bas ya aiko sau biyu, matarsa ta ce yana kan aiki.

Ba zan ce ya natsu ba. Makon jiya ta zo ta ce ya hau kan tanki zai ɗaga waya, da ido ɗaya. Na ajiye takalmin da ke hannuna na tafi riƙe tsani.