Gidan da Safiyatu Ta Zaɓa

A Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, aka yanke cibiyar Safiyatu, a wani lungu da ke bayan masallaci, cikin gidan da kakanta ya gina lokacin da yake fataucin goro daga Kazaure. Ita ba ta taɓa taka Kazauren ba. Hausa ta tsotsa a nono, Yarabanci kuma ta tsince shi a bakin famfo da wajen niƙa, har ba ka rabe wanda ya fi zauna mata a baki. Tana da shekara goma sha tara ta auri Mijinyawa, mai sayar da albasa a Kasuwar Bodija, mutum marar yawan magana. Suka kama ɗaki biyu a gidan haya, suka shekara goma sha bakwai a ciki. Daga nan take sana'arta ta daddawa da kuka da yajin da take dakawa da hannunta.

'Ya'ya huɗu Allah ya ba su, uku maza, sai auta Khaulat. Tana da shekara biyu da rabi wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita mako biyu a asibiti. Ta tashi, amma jinta ya tafi. Safiyatu ta gane haka ne ran da murfin tukunya ya suɓuce mata a bayan yarinyar, duk tsakar gida aka zabura, ita ko waiwaye ba ta yi ba. An yi na asibiti, an yi na rubutu, ba a dace ba. Da ta isa, aka haɗa ta da yayyenta zuwa Islamiyya. Takan zauna tana rausaya yadda sauran ke yi, tana motsa leɓe. Malam Mu'az, mai makarantar, ya gaya wa iyayen gaskiya: "Yarinyar nan na da kwanya, amma ban san ta ƙofar da zan shiga ba."

Khaulat na da shekara tara Mijinyawa ya dawo daga kasuwa fuskarsa a sake. Dillali ya nuna masa gida a wajen Akinyele, ɗaki huɗu da rijiya, ga fili a baya da za a iya yin kiwo. Abin da ya daɗe yana tari dominsa ke nan.

Safiyatu ta yi masa barka, ta ajiye masa ruwa, sannan ta ce, "Malam, ina makarantar da ke kusa da shi?"

"Makaranta ai ba a rasa ta ko'ina."

"Ta Khaulat nake nufi. Ka ba ni wata ɗaya, ka yarje mini in fita in duba. In ban samu komai ba, inda ka nufa nan muka nufa."

Ya ce ta je.

Matar da sai biki ko rasuwa ke fitar da ita, sai ga ta kullum da hantsi ta zumbula hijabi, ta riƙe hannun 'yarta, sun tari keke a Mokola. Daga Akinyele ta fara. A makarantar farko shugabar ta tarbe su da fara'a, ta ce za su karɓi Khaulat, ba matsala. Safiyatu ta roƙi a bar ta ta leƙa aji. Ta ga yara sun cika maƙil, malami ya juya baya yana magana da allo. Ta yi godiya ta fito. A ta biyu tun daga bakin ƙofa aka ce ba sa ɗaukar irin waɗannan yara. Khaulat ba ta ji ba, amma ta ga fuskar uwarta, ta ƙara damƙe hannunta.

Daga nan Safiyatu ta daina tambayar masu ofis. Sai ta riƙa tsayawa lokacin tashi, tana hira da iyaye mata da masu tallar abinci a bakin katanga. A mako na uku wata mai gasa masara ta dubi yarinyar ta ce, "Iya Khaulat, wahala kike sha a banza. Jikan yayata kurma ne, yana karatu." Ta kwatanta mata wata tsohuwar makarantar gwamnati a wata unguwar Yarabawa, can ɗaya gefen gari.

Ginin ya tsufa, kwanon ya yi tsatsa. Amma a aji na ƙarshe ta tarar da abin da ba ta taɓa gani ba: yara goma sha biyar, ba ka jin muryar kowa, hannuwa na ta kai da komo, wasu har da dariya. Wata yarinya ta taso ta tsaya gaban Khaulat, ta yi mata wata alama da yatsu, ta sake yi. Malamar ajin ta ce, "Sunanta take tambaya." Khaulat ta dubi uwarta. Nan Safiyatu ta gane cewa shekara da shekaru ana kiran 'yarta da sunan da ita ba ta san tana da shi ba. Ta juya ga bango ta share ido. Malamar ta rubuta sunan a allo, ta nuna shi, ta nuna ƙirjin yarinyar.

Gidan da ke na sayarwa a kusa da makarantar ɗaki uku ne a matse, ba rijiya, ba Bahaushe ko ɗaya a layin. 'Yan uwa suka yi ca, wai za a bar gida mai yalwa saboda yarinya guda. Wata Talata Mijinyawa ya bar rumfarsa, ya je ya tsaya a tagar ajin nan kusan sa'a guda. Da ya dawo ya ce, "Safiya, ki fara ɗaure kaya."

Zaman bai zo da sauƙi ba. Cinikin daddawa ya mutu, don ba masu saye a sabuwar unguwa, sai ta koma zoɓo da kunun aya. Samarin kullum sai sun hau mota zuwa Sabo karatun yamma. Ita kuma ta zama ɗalibar 'yarta: abin da aka koya wa Khaulat da safe, shi take koya mata da la'asar. Da hannu ta fassara mata alwala da sallah, kaɗan-kaɗan.

Shekara huɗu da tarewarsu hawan jini ya kayar da Mijinyawa a kasuwa, bai kwana ba. Kafin a kawo shi Sabo don sutura, Safiyatu ta zaunar da Khaulat, ta gaya mata da hannuwanta cewa Baba ya rasu, ba tafiya ya yi ba, kuma za su yi masa addu'a. Yarinyar ta tambayi ko ya sha wuya. Uwar ta ce a'a. Suka rungume juna.

Bayan takaba dangi suka so ta sayar da gidan ta dawo cikinsu. Ta ce sai Khaulat ta gama. Yanzu Khaulat na sakandare, tana koyon ɗinki ran Asabar. Duk Juma'a sukan zo Sabo su wuni. Wani lokaci wata uwa kan ja Safiyatu gefe ta yi ƙasa da murya, ta ce ɗanta ya shekara uku bai ce uffan ba. Safiyatu kan saurare ta har ta gama, sannan ta ce ta shirya ran Litinin, za ta raka ta makarantar.